Sunan Farah a Wurin Somaliyawa: Asalinsa, Ma'anarsa da Yaɗuwarsa

  

Abin da aka nemi in yi bayani a kansa yau suna ne guda ɗaya, wato Farah, wanda duk mai sauraron labarun duniya ya sha jinsa, wani lokaci a jikin janar na yaƙi, wani lokaci a jikin marubuci, wani lokaci kuma a jikin gwanin tseren gudu, har mutane da yawa suka ɗauka cewa sunan wani babban gida ne a ƙasar Somaliya, wanda duk masu amsa shi 'yan'uwan juna ne. Nufina in nuna muku inda sunan ya fito, da dalilin da ya sa ya yi saiwa a wannan ƙasa, sa'an nan in nuna cewa mayar da shi sunan iyali abu ne na jiya-jiya, wanda takardun hukuma suka haifar, al'adar mutanen kuwa ba ta san shi ba.

Asalin kalmar Larabci ne, ba a jayayya a kan wannan. Baƙaƙenta uku ne, fa'un da ra'un da ha ƙarami, kuma masdarinta, farah, shi ne murna da farin ciki da buɗewar ƙirji sa'ad da mutum ya sami abin da yake so. Daga wannan tushe ne Larabawa suka fitar da farhan, wato mai murna, suka kuma kira bikin aure da farah a Masar da wasu ƙasashe, domin shi ne ranar murnar gida. Mu ma mun sha daga wannan rijiya, gama kalmarmu ta fara'a daga can ta zo, sai dai harshenmu ya tausasa ha ɗin har ya zama ɗan tsayawar murya. Malaman tafsiri kuwa sun lura cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci farin ciki ta fuska biyu: akwai wanda aka zarga, wato na alfahari da homa da dukiya, irin wanda mutanen Ƙaruna suka gargaɗe shi a kansa a cikin Suratul Ƙasas, akwai kuma wanda aka yi umurni da shi a cikin Suratu Yunus, wato murna da falalar Allah da rahamarsa. Uban da aka yi wa albishir da haihuwa, ya ɗaga jaririnsa ya raɗa masa Farah, babu shakka na biyun yake nufi, domin ɗa kyauta ce wadda ba a saye da dukiya.

Kafin in wuce, ya kamata a rarrabe abubuwan da rubutun boko ya cakuɗa. Akwai Faraj, mai jimun a ƙarshe, wanda ke nufin buɗi bayan ƙunci, kuma tushensa dabam ne. Akwai gari da lardi a yammacin Afganistan da ake rubutawa Farah, amma da ha babba ake rubuta shi, ba shi da dangantaka da namu. Sa'an nan sunan ba mallakar Somaliyawa kaɗai ba ne. A Farisa da ƙasashen Larabawa da yawa yanzu mata aka fi sa wa shi, kamar Farah Diba, wadda Sarkin Iran ya aura a 1959. A Sham maza sun amsa shi, har da Kiristoci, kamar Farah Antun, marubucin nan na Tarabulus ta Labanan wanda ya rasu a 1922, kuma gidaje da dama a can sun daɗe da riƙe shi sunan zuriya. A Sudan akwai Shehu Farah wad Taktuk, waliyyin zamanin daular Sinnar wanda har yau ake ba da hikayoyinsa, da mawaƙi Khalil Farah wanda ya rasu a 1932. A wurin Somaliyawa dai sunan namiji ne tsantsa. Idan mace ake son yi wa wannan fata, sai a ce Farhiya.

Yadda ya ƙetare teku ya shiga bakin makiyayan raƙuma, wannan tarihin Musulunci ne a gaɓar Bahar Maliya da Tekun Indiya. Tsakanin ƙasar Somali da Yaman ruwa ne ɗan kaɗan, kuma tun kafin zuwan addini jirage na ɗaukar lubban da fatu da dabbobi zuwa Adan, suna komowa da tufafi da dabino. Musulunci ya shiga da wuri, har mutanen Zaila suna nuna kufan wani masallaci mai alƙibla biyu a matsayin shaidar daɗewarsa, kuma a Mogadishu masallacin Fakhruddin yana tsaye tun 1269. Ibn Batuta, wanda daga baya ya zo Takadda ya ambaci Gobir a cikin littafin tafiyarsa, ya sauka a Zaila da Mogadishu a 1331, ya kuwa ba da labarin cewa sarkin Mogadishu, wanda suke kira Shehu, yana magana da harshen garinsa, ya kuma san Larabci. A ganina wannan ɗan bayani ya tattara halin mutanen nan har zuwa yau. Suna bin mazhabar Imamu Shafi'i, manyan ƙabilunsu irin su Darod da Isaaq suna danganta kakanninsu ga shehunan da suka zo daga ƙasar Larabawa, ƙasarsu ta shiga Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa a 1974, amma duk da haka harshensu nasu ne, daga reshen da masana ke kira Kushitik, wanda idan aka bi salsalar harsuna can nesa sai a tarar ɗan'uwan Hausa ne.

Harshen nan yana da wata baiwa da namu ba shi da ita, wato yana da ha ƙarami da ainun a cikin kalmominsa na gado, saboda haka sunayen Larabci ba su sauya kama sosai a bakinsu ba. Inda muka mayar da Abdullahi Audu, su ainun ɗinsu na nan daram. Shekaru aru-aru malamansu suna rubuta harshen da ajami, wanda suke kira rubutun wadaad, wato na malamai. A wajen shekarun 1920 Usman Yusuf Kenadid ya ƙirƙiro wasu baƙaƙe na musamman da ake kira Usmaniya. Aka yi ta muhawara mai zafi a kan wanda za a bi, har ranar 21 ga Oktoba 1972, sa'ad da gwamnatin Siad Barre ta yanke hukunci a kan baƙaƙen boko. A wannan tsari aka ba ainun harafin c, aka ba ha ƙarami harafin x, ana kuma ninka wasali idan dogo ne. Shi ya sa za ku ga Cali maimakon Ali, Xasan maimakon Hasan, namu kuma ya zama Faarax, da jan wasalin farko. Wanda bai san wannan ƙa'ida ba, idan ya ga Faarax a takarda ɗaya, Farah a ta biyu, Farrah a ta uku, ba zai taɓa zaton mutum ɗaya ake nufi ba. Abin sha'awa, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggen labari na farko da aka buga da sabon rubutun, a 1974, wani mai wannan suna ne ya wallafa shi, Faarax Maxamed Jaamac Cawl.

Yanzu ga tambayar da ta fi ɗaukar hankalina. Sunayen da Musulunci ya yaɗa a duniya galibi iri uku ne: na annabawa, na sahabbai da iyalan gidan Annabi, da waɗanda ke farawa da Abdu a jingine da sunan Allah. Farah ba ya cikin ko ɗaya. To me ya sa ya yi tasiri haka a tsakanin mutanen da ke da Muhammadu da Ali da Abdi a kowane gida? Amsar da na gamsu da ita tana cikin tsohuwar al'adarsu ta raɗin suna. Tun kafin sunayen Larabci su yawaita, makiyayi yakan sa wa ɗansa sunan halin da ya zo a ciki, ko na fatan da ake yi masa. Wanda aka haifa ana ruwa shi ne Rooble, kamar Anaruwa a wurinmu. Wanda ya zo ana cikin ƙaura da dabbobi shi ne Geeddi. Warsame shi ne labari mai daɗi. Guuleed mai nasara. A mata kuma akwai Ubax, wato fure. Farah ya shigo ya tarar da gurbinsa a shirye, domin lafazinsa na harshen Alƙur'ani ne, ma'anarsa kuwa irin wadda kakanni suka saba bayarwa ce. Malamin ƙauye ba zai ƙi shi ba, tsohuwar gida ma ta gane abin da ake nufi. Shari'a kuma ta ƙarfafa shi, gama an san Manzon Allah yana son kyakkyawan fata, yana canza munanan sunaye, kuma Buhari ya ruwaito labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, mai suna Haznu, wato tsauri, wanda aka so a mayar da shi Sahlu ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba, jikan nasa kuwa ya riƙa cewa tsaurin bai bar gidansu ba tun daga ranar. Wanda ya san ƙasar Somali, da tsananin farinta, da yadda jiilaal, wato rani, ke cinye garke, zai fahimci nauyin da kalmar murna ke da shi a bakin uban da ya sami ɗa namiji.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar magana. Basomaliye ba shi da sunan iyali irin na Turawa. Sunansa uku ne a jere: nasa na yanka, na ubansa, na kakansa na wajen uba. Mace ma haka, kuma ba ta ajiye sunan ubanta ta ɗauki na miji, abin da ya dace da umurnin Suratul Ahzab na a kira kowa da ubansa. Waɗannan ukun kuwa bakin wata doguwar salsala ce da suke kira abtirsi, wato ƙidayar ubanni, wadda ake koya wa yaro tun yana ƙarami, uwarsa ce ma sau da yawa ke koya masa, har ya iya jero kakanni ashirin ko fiye ba tare da tuntuɓe ba, ya kai ga wanda ƙabila ta samo suna daga gare shi. Ba don ado ake wannan hadda ba. Idan baƙi biyu suka haɗu a bakin rijiya, da abtirsi suke gane kakan da ya haɗa su, da haƙƙin da ke tsakaninsu; kuma a ƙarƙashin xeer, wato dokar gargajiya, mutanen da suka haɗa kaka na kusa su ne ke tara diyya tare su kuma karɓa tare, wadda a bisa asali raƙuma 100 ce ga namiji. Masanin nan na Birtaniya, I. M. Lewis, ya yi dogon bayani a kan wannan tsari a littafinsa na 1961.

Ku dubi yadda sunan ke tafiya a cikin gida ɗaya. Janar Muhammad Farah Aidid, wanda mayaƙansa suka gwabza da sojojin Amurka a Mogadishu a watan Oktoba 1993, ya kuma rasu a watan Agusta 1996, Farah sunan ubansa ne, Aidid kuwa laƙabi ne, domin mutanen nan ma'abota laƙabi ne ƙwarai, suna kiransa naanays, kuma da shi ake rarrabe masu suna iri ɗaya. Ɗansa da ya gaje shi, wanda ya taɓa zama sojan ruwan Amurka, shi ne Husaini Muhammad Farah: sunan ya matsa daga gurbi na biyu zuwa na uku. A ɗiyan Husaini kuwa zai fita daga sunayen ukun baki ɗaya, ya koma cikin abtirsi, sai dai idan an sake raɗa wa wani jariri shi don tunawa da kaka, abin da yakan faru sau da yawa. Hasan Abshir Farah, wanda ya yi firaministan gwamnatin riƙon ƙwarya daga 2001 zuwa 2003, kakansa ne Farah. Haka ma Ali Abdi Farah, tsohon ministan harkokin wajen Jibuti. A wurin Farah Maalim, wanda ya yi mataimakin kakakin majalisar Kenya daga 2008 zuwa 2013, sunan yanka ne, kamar yadda yake a wurin fasihin mawaƙi Farah Nur da ɗan kishin ƙasa Haji Farah Umar. Babu abin da ya haɗa waɗannan mutane ta fuskar jini saboda sunan kawai. Inda Farah ya zama sunan jama'a shi ne inda wani kaka ya yi zuriya mai yawa har aka riƙa kiranta da shi, kamar Farah Garad, babban reshe na ƙabilar Dhulbahante. Amma ɗan wannan reshe ba ya rubuta Farah a ƙarshen sunansa don haka.

Saboda wannan ne batun yaɗuwar sunan yake da fuska biyu. A gida, ana samunsa a duk yankunan nan biyar da tauraron tutarsu ke nuni da su: tsohuwar ƙasar da Italiya ta mallaka, da wadda Ingila ta mallaka, waɗanda suka haɗe a ranar 1 ga Yuli 1960, da Jibuti, da yankin Somali na Habasha, da arewa maso gabashin Kenya wajen Garissa da Wajir da Mandera. Kuma tun da kowane mutum yana ɗauke da sunaye uku, Farah guda ɗaya mai 'ya'ya da jikoki yana iya bayyana a sunayen mutane masu yawan gaske. Shaidar da ta fi ƙarfi a kan yawansa daga bakin mutanen kansu ta fito, domin matasansu na ƙasashen waje, idan suna nufin kowane namiji nasu sai su ce Faarax, idan kowace mace ce su ce Xaliimo. Suna ba ya kai wannan matsayi sai ya cika gari.

Fuska ta biyu ita ce ta ƙasashen waje, kuma a can ne aka daskarar da shi. Tun bayan buɗe mashigin Suwez a 1869 mutanen arewacin ƙasar suka riƙa shiga aikin jiragen ruwan Ingila ta Adan, suka zauna a Kadif da Libaful da Landan. Amma babban gudun hijira ya zo ne da rushewar gwamnatin Siad Barre a watan Janairu 1991, sa'ad da jama'a suka kwarara zuwa sansanin Dadaab na Kenya, daga can zuwa Miniyafolis da Toronto da Oslo da Istokholm. A kowace tasha ma'aikaci na zaune da takarda mai gurbi biyu, na sunan farko da na sunan iyali. Sai a ɗauki na ƙarshe cikin ukun, wani lokaci na tsakiya, a cusa a gurbi na biyu, daga nan ya bi 'ya'ya da jikoki, har ma da matar gida. Ta haka 'yan'uwa ciki ɗaya da suka sauka a ƙasashe dabam suka wayi gari da sunayen iyali dabam. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a zamanin makarantun En'e, inda aka riƙa liƙa wa yara sunan garinsu, amma a wurin Somaliyawa abin ya fi ciwo, domin ya taɓa abtirsi, igiyar da ke riƙe da haƙƙoƙinsu. Gaskiya ita ce igiyar nan tana da nata sharrin, gama da ita aka riƙa tantance wanda za a kashe da wanda za a bari a shingayen yaƙin basasa, kuma tun a farkon shekarun 1970 gwamnati ta yi yunƙurin binne ƙabilanci, ta ce a daina kiran juna ina adeer, wato ɗan baffa, a riƙa cewa jaalle, aboki, alhali ita kanta da ƙabila take mulki. Duk da haka ban yarda cewa maganin wannan sharri shi ne yaro ya tashi bai san sunan kakansa na uku ba.

Mutum biyu ne suka kai sunan ko'ina a duniya. Na farko Nuruddin Farah, wanda aka haifa a Baidoa a 1945, ya yi karatu a Indiya, ya fitar da littafinsa na farko a 1970 a kan wata yarinya makiyayiya da ta gudu daga auren dole, ya shafe shekaru masu yawa ba ya iya taka ƙasarsa saboda fushin gwamnati, ya kuma karɓi lambar Neustadt a 1998. Muna da rabo a cikin tarihinsa, domin ya koyar a Jami'ar Jos, ya kuma zauna a Kaduna.

Na biyu shi ne Mo Farah, wanda ya ci zinare a tseren mita 5,000 da na mita 10,000 a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya maimaita a Riyo a 2016, Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir a 2017. A watan Yuli 2022, a cikin wani shiri na BBC, ya bayyana wa duniya cewa sunan da ya ɗaukaka ba nasa ba ne. Sunansa na yanka Husaini, ɗan tagwaye ne, ɗan'uwansa Hasan, cikakken sunansa kuwa Husaini Abdi Kahin. An kashe ubansa a rikicin ƙasar yana ɗan shekara 4, aka tura shi Jibuti, daga can wata mata da bai sani ba ta kai shi Ingila yana wajen shekara 9 da takardun wani yaro mai suna Muhammad Farah, aka sa shi bautar gida, har sai da ya gaya wa malaminsa na wasannin motsa jiki aka fitar da shi. Ku auna girman abin da aka raba yaron nan da shi, ku da kuka ji mene ne abtirsi: an cire shi daga salsalar ubansa an rataye shi a jikin ta wani, yana da shekarun da alƙalami bai hau kansa ba, laifin kuwa yana wuyan manyan da suka yi. A cikin shirin ya koma wurin mahaifiyarsa, ya kuma yi magana da ainihin mai sunan. Ya ci gaba da amsa Farah, domin da shi duniya ta san shi, amma ɗansa namiji sunansa Husaini.

Ina da roƙo ɗaya ga 'yan jaridarmu da ke cikin wannan zaure. Kafofin labarai na Turai sukan yanke sunan mutum su riƙe na ƙarshe, mu kuma mukan kwafa, sai mu ce Shugaba Mahmud muna nufin Hasan Sheikh Mahmud na Somaliya, alhali mutanensa Hasan Sheikh suke kiransa, kamar yadda suke kiran wanda ya gabace shi da laƙabinsa Farmajo. Idan kuka kira Hasan Abshir da Malam Farah, kakansa kuka kira. Ku ambaci mutumin nan da sunansa na yanka haɗe da na ubansa, ko da laƙabin da ya shahara da shi, kuma idan kuka ga x a rubutunsu ku karanta ha ƙarami, idan kuka ga c ku karanta ainun.